Sangen da Ka Cusa Mini a Jaka

Zuwa ga maigidana, Baban Nasiba, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, hasken idona. Assalamu alaikum.

Daga bakin tabkin Keita nake rubuto maka, hannuna na ƙarnin kifi, zuciyata na Madawa. Ka san ni ba mai zaƙin baki ba ce, yaranmu sun fi sanin tsawata da dariyata. To yau ka yi haƙuri ka saurara, kaɗaici ya kwance mini harshe.

Aiki na nan yadda ka san shi. Da hantsi masunta su jawo taru, ni in zauna da allon awo. Karfasa, tarwaɗa, kowanne in auna tsawonsa da nauyinsa, ƙananan in mayar da su ruwa tun suna motsi. Wayyo, da ka ga yadda suke buɗe baki a tafin hannuna! Ba kuka, ba ƙara, numfashi kawai suke nema inda babu shi. Haka nake tun ranar da na baro ka. Su ni ke mayar da su ruwansu. Ni wa zai mayar da ni nawa?

Jiya na tarar da wasu mata suna jan ruwa da sangen sauro, suna kwashe ƴaƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Na yi musu faɗa har muryata ta dushe. Na ce sange an ba su ne su rufe ƴaƴansu, ba su cinye kifin baɗi ba, kuma Allah na ganinsu. Suka watse suna gunaguni. Na koma ɗakin da sarkin ruwa ya sauke ni, idona ya faɗa kan namu sangen.

Babban sangenmu na mutum biyu, wanda ka naɗe ka cusa mini a jaka ban sani ba, ranar da ka ƙi raka ni tasha! Kana fushi da tafiyata, kana kuma tsoron kada sauro ya cije ni. Wane irin mutum ne kai, masoyina? Kai fa, da me kake rufa? Kada ka ce mini sauron Madawa ya san ka. Ka shiga na ɗanmu Munir, ban son jin labarin zazzaɓi.

Ka tuna washegarin sunan Nasiba, da ka ƙulle ta cikin zane ka rataye a ma'aunin kifina, ka ce mun kama giwan ruwa? Na yi maka faɗa, na ce ɗiyar mutane ba abin wasa ba ce. Ka yi ta dariya har na juya na fuskanci bango don kada ka ga tawa. Ina wannan dariyar ta tafi? Da me zan auna nauyin rashinta?

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shef na sarbis, wato shugaban ma'aikatarmu, yana so in wuce Karofane in zuba ƴaƴan kifi a tabkinsu, in tsaya har ruwa ya ja. Na kira ka, ka ce yadda na gani, ka kashe waya. Wannan ba izini ba ne, ba hani ba ne. Ni da nake koya wa Nasiba cewa matar aure ba ta taka hanya sai da yardar mijinta, da wane ido zan dube ta? Motar sarbis za ta tashi Lahadi, kuma ban ɗaure kaya ba.

In ka ce je ki, zan tafi da zuciya fara. In ka ce dawo, zan rataye allon awo in dawo, ka sha ɗaurin fuskata kwana da kwanaki, amma a gidanka. Shirun nan ne kaɗai ba zan iya ɗauka ba. Ka ba Mato direba amsa, shi da ya kawo maka wannan, ko da kalma ɗaya ce.

Munir ya tashi sallar asuba a kan lokaci. Nasiba ta ajiye waya ta kama karatun lakwal, na boko. Kai kuma ka ci tuwo, na san halinka.

Gaiwa takan shige cikin laka idan tabki ya ƙafe, ta jira damina ba ta sake wuri ba. Haka zan jira maganarka. Gefenka na sangen yana nan, ban taɓa mirginawa can ba.

Taka, tabki ya cika ko ya ƙafe, har ranar da za a auna ayyukanmu,

Hannatu