Jan Tabon Wandon Yaya Illa

Guangzhou, Sin
Nuwamba 1998

Zuwa ga ƙanwata Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna da idonta? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Ni lafiya lau nake, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Kin tuna farin wandon wasan kurket na marigayi Yaya Illa, wanda Inna ke ajiyewa a ƙasan adakarta? Shi ya saka lokacin da aka kira shi ƙungiyar Afirka ta Yamma, inda aka haɗa 'yan Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, yawancin namu 'yan Legas, shi kaɗai Bahaushe a cikinsu. Ke kina ƙarama, ba ki ga yadda yake goga jar ƙwallon nan a cinyarsa ta dama kafin ya jefa ba, har wurin ya rine, sabulu ya gaza. Da tsofaffin abokan wasansa na Zariya suka roƙe ni in ɗinko musu fararen kaya, sai na ari wandon don samfur. Inna ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta saki, ta ce in dawo mata da abinta yadda na karɓa.

Na kai shi Xintang, garin masu ɗinka wandon jins. Ashe mutanen nan sana'arsu ke nan su mai da sabo tsoho, su koɗar da gwiwa da gangan, wai ado. Na ce wa lawban, wato mai masana'antar, ina son irinsa sak, shi kuwa ya ɗauki maganata da gaske. Ranar da na buɗe katan a shagon Ussif, wani ɗan Gana mai yi mana jigilar kaya, Radiyya, ga abin da na tarar. Kowane wando da jan tabo a cinyar dama, da koɗewar gwiwa, har da lanƙwasar bakin aljihu. Ussif ya taɓa ganin Yaya yana wasa a Accra. Ya ɗaga ɗaya, ya yi salati, ya mayar, ya fita waje.

Na koma da gudu na nemi na asalin. Lawban ya ce meyo, babu. Sun wanke shi tare da sauran, sun goge, sun ninke cikin katan ɗin. Yana ta murna da aikinsa, ban ma iya yi masa faɗa ba.

Tun ranar na shimfiɗa su a ɗakina ina dubawa. Na shinshina, na ɗaga a rana, na juya ciki waje. Idan na shigo daga kasuwa sai in ga kamar Yaya ya tuɓe yanzu ya shiga wanka, ba sau ɗaya ba, ko'ina na duba shi ne. Tsoro nake ji, kuma kunya nake ji, ɗan'uwana ciki ɗaya amma na kasa gane nasa.

Na ba Alhaji Shehu katan ɗin, zai iso Kano kafin azumi. Don Allah kada ki bari 'yan Zariya su taɓa, kuma kada ki zaɓa da kanki, na san rawar kanki. Ki faɗa wa Inna gaskiya, ki shimfiɗa mata su a tabarma. Idonta ya yi rauni, amma hannun da ya yi shekaru yana ninke wandon nan ba na jin zai ɓata. Wanda ta riƙe ta ƙi saki, shi ne, ko da ba shi ba ne. Kada ki tambaye ta yadda ta gane.

Ki gaishe da Inna da kyau, da Gwaggo Yalwa, da Hasiya matar marigayi, da su Madina. Allah ya jiƙan Yaya Illa, ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Tankari