Ranar da Baba Ya Yi Ciniki

Litinin, 7 ga Afrilu

Yaya ya sake tayar da maganar lambun Baba. Wai a sayar. Hujjarsa, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye babu wanda ya taka wurin, hanyar yashi ce da rani, taɓo da damina, kuma Kunkuru ba za ta iya ba. Kunkuru, ƙaramar motar Baba da nake ja yanzu, ko tudun ƙofar gida sai da lallashi take hawa. A nan ya yi gaskiya, shi ya sa ma na fi jin haushi.

A gaban Baba muka yi ta musu, yana zaune a kekensa a tsakaninmu. Ya ce, "Albarka." Ita kaɗai ce kalmar da ciwon ya bar masa. Ruwa yake so, albarka. Zafi yake ji, albarka. Likita ya ce kada mu ɗora mata wata ma'ana. Na gyara masa bargon ƙafa na ci gaba da faɗana.

Na ce zan sayi motar da za ta riƙa kai shi duk mako. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ni Maƙo, da nake kashe inji a gangara don tattalin mai, ni ce zan sayi mai ja da ƙafa huɗu. Ya ba ni zuwa saukar ruwan farko. In ban kai Baba ba, zai kira mai saye. Na ce mu zuba mu gani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Bakina ya ja mini. Yau a ɗakin magani hannuna na ƙirga ƙwayoyi, kaina na kan mota. Doguwa nake so, mai faɗin but, yadda keken Baba zai shiga ba sai na yi kokawa da shi ba. Ta fetur, don ita bakanikenmu ya iya. Sayen ma ba shi ne abin tsoro ba, ciyarwar. In ta zama mai cin albashina a gidan mai, wata biyu zan kafe ta a ƙofar gida, Yaya ya samu abin faɗa har jikoki.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je wurin dilan motoci. Ɗaki ne na gilashi, daɓen sai santsi, motoci a jere suna ƙyalli. Dilan kuwa tun kafin ka gan shi hancinka ya gaishe shi. Mai Turare na sa masa suna a raina.

Tambayarsa ta farko, ina maigidan. Na ce ni ce maigidan. Ya yi murmushin da ake yi wa yaro mai wasa da takalmin manya, ya kai ni gaban wata baƙa, ƙatuwa, ya shafa ta. Na tambayi shan manta.

"Hajiya, wannan ai ba ta shan mai. Shaƙa take."

Duk bayanin da ya yi, sama da kaina yake kallo, kamar akwai wani namiji a tsaye a bayana. Ban ji abin da ya ƙona mini rai kwanan nan irin wannan ba. A yi magana a kanka kana tsaye, kamar kujera.

Can lungu na hango wata mai ruwan ƙasa, irin jikin baƙar amma injinta ƙarami. Ya ce ta bara ce, launin ne mutane ba sa so. Na yi kamar ban damu ba. Na damu.

Talata, 15 ga Afrilu

Hadari ya taso da yamma, ya watse. Na gode Allah, karo na farko a rayuwata da na ji daɗin fasa ruwa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau na yi abin da zan daɗe ina jin daɗinsa. Na ce sai na gwada su duka biyun, kuma irin gwajin Baba. Shekarunsa na tuƙin babbar mota, bai taɓa yarda da takardar da ake mannawa a gilashi ba. A cika tanki har wuya, a yi tafiya, a dawo famfo ɗaya a sake cikawa. Abin da ta karɓa shi ta sha. Mai Turare ya ce ba a taɓa yi masa haka ba. Na ce da kuɗina zan sayi man. Ya yi mini zafi, amma na biya.

Baƙar mai shaƙa, ashe da bokiti take shaƙar. Ina tuƙi ina kallon allurar mai tana sunkuyawa. Ƙafafunta huɗu kullum a bakin aiki suke, ko a kan kwalta. Mai ruwan ƙasa kuwa tana da maɓalli kusa da giya: a kwalta ƙafa biyu ke ja, sai an shiga yashi a danna sauran su taso. Da muka dawo famfo, kusan rabin abin da baƙar ta karɓa ta karɓa. Mai sayar da man ma sai da ya leƙo ya dubi dilan.

Mai Turare ya ce hanyar ce da cunkoso. Na ce ai hanya ɗaya muka bi. Ya shiga gyaran hula.

Litinin, 21 ga Afrilu

Mai Turare ya yi mini ragin kuɗin mai ruwan ƙasa a waya, ragin da bai kai a kira shi ragi ba. Ko na ƙwaƙule duk abin da na tara, akwai rami. Hanya ɗaya ta rage, a ba shi Kunkuru a yi musaya. Ya riga ya leƙa ta ranar gwaji, na ga idonsa ya tsaya a kan injin. Baba bai taɓa bari an buɗe injin nan ba.

Ban tambayi Baba ba. Me zai ce? Albarka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Bari in rubuta wannan dalla-dalla kafin daɗi ya sa in ƙara gishiri.

Matar da ke jinyar Baba ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Dole na tafi da shi, na ce ai gara ma, a gwada keken a but. Na sa masa farar rigarsa, na tura shi cikin ɗakin gilashin.

Mai Turare na ganin dattijo ya zube har ƙasa yana gaisuwa. Ya samu namijin da yake ta nema a bayana. Da ya ga takardun Kunkuru da sunan Baba, shi ke nan, na zama mai tura keke. Ya jawo kujera ya zauna gwiwa da gwiwa da shi, ya taya Kunkuru, tayin wulaƙanci.

Baba ya ce, "Albarka."

Kowa ya san abin da mai kaya ke nufi da wannan a wurin ciniki: tayinka bai kai ba, ƙaro. Na buɗe baki in yi bayani, Allah ne shaidata, har na ce, "Malam, ai Baba ba ya..." Ya ɗaga mini hannu ko juyowa bai yi ba.

"Hajiya, bar mu mu maza mu yi magana."

To. Na bar su.

Ya ƙara. Albarka. Ya ce taya ta suɗe, fenti ya koɗe, ya ƙara kaɗan. Albarka. Ya ce shi ma iyali gare shi. Baba ya dube shi da idon nan nasa da bai shanye ba, albarka. Sai ya sauya dabara, ya koma rage kuɗin mai ruwan ƙasa, wai ai ƙarshen wata ne, maigidansa na son ta bar lungun. Ya ɗora juyen baƙin mai na farko kyauta. Ya ɗora cikakken tanki. Ni ina tsaye ina cizon gefen mayafi don kada dariya ta tona mini asiri. Gumi ya haɗu da turare, ɗakin ya ɗauka.

Ya fita ya yi waya yana kai da komo, ya dawo yana goge wuya. Ya faɗi na ƙarshe, ya ce ko uwarsa ce ta zo nan zai tsaya. Na lissafa a kaina. Ramin ya cike har da tudu. Amma sai tsoro ya kama ni, domin Baba zai sake cewa albarka, mutumin ya fusata, komai ya wargaje. Na matso in karɓe maganar.

Baba bai ce komai ba. Ya juya yana kallon Kunkuru ta gilashi, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini hannunsa mai lafiya. Na ɗauka ruwa yake so, na miƙa gora, ya ture. Makulli. Na ba shi, ya jujjuya shi a tafinsa, ya miƙa wa dilan da kansa.

Keken ya shige but ɗin mai ruwan ƙasa kamar don shi aka yi. Na ci. Na ci Mai Turare, na ci Yaya. Wataƙila gajiya Baba ya yi, shi ya sa ya yi shiru.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na kira Yaya da sassafe, na ba shi labari har da kwaikwayon muryar dila. Ya yi dariya, sannan ya ce na ci da ciwon Baba. Na ce wanda ya hana ni magana shi ya ci kansa. Muka rabu a haka.

Shirun nan na jiya dai ya ƙi fita kaina.

Talata, 29 ga Afrilu

Na ɗauko ta. An wanke ta, launin ma ba laifi, ba zai nuna datti ba, an huta da kuɗin wanki.

Yau Mai Turare ni ya kalla, ido cikin ido. Ya ce wani mai makarantar koyon tuƙi ya daɗe yana neman irin Kunkuru, har ya yi masa farashi. Ya ce, "Tsohon nan ya san kan mota. Ya matse ni har daidai inda ba zan iya wucewa ba, yana isa wurin ya sake ni. Kuɗin shayi kawai ya bar mini."

Na yi dariya na karɓi makulli. Na shiga na rufe ƙofa, na ɗan jima ban tayar ba. Warin sabuwar kujera ne, ina jin, ya sa idona yaji.

Asabar, 3 ga Mayu

Mun je!

Yaya ya ce zai biyo mu, don a samu mai turi. Na sa Baba a gaba, shi a baya. A kwalta tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa, allurar mai ko motsi. Ina ta nuna wa Yaya ita har ya ce in kalli hanya.

Da muka sauka yashi na danna maɓallin da yanga. Ta shiga, ta yi gaba, sai a tsakiyar kwarin nan na tsorata na take totur. Ta yi ƙara, ta fara tona wa kanta rami. Na ji Yaya ya gyara murya a baya, ya fara naɗe hannun riga. Na ƙara takawa, ta ƙara nitsewa. Gabas kuma ta yi baƙi ƙirin.

Sai na ji an dafa hannuna. Baba. Ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna giya. Sannan ya shimfiɗa tafinsa ya saukar da shi a hankali, a hankali. Na sa ta biyu, na sassauta ƙafa. Ta yi ajiyar zuciya ta fito, kamar mai tashi daga tabarma.

Ba ta sake tsayawa ba har muka isa.

Lambun ya yi ciyawa, shingen ya kwanta ta gefe ɗaya, amma itatuwan na nan. Lemun ya zuba a ƙasa. Yaya da kansa ya tura keken tsakanin layuka, Baba na nunawa da yatsa, nan a sare, can a ɗaure, Yaya na cewa to Baba, to Baba, kamar yana ɗan makaranta. Ya cika aljihunsa da lemu. Da za mu taho ya ce, ba ni yake kallo ba, shingen nan zai turo a gyara.

Muna hawa kwalta ruwa ya sauko. Na ce Yaya, ruwan farko ke nan ko? Ya ce in yi tuƙina, Maƙo.

Laraba, 7 ga Mayu

Na cika tanki. Zuwa da dawowa abin da ta sha bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Na aika wa Yaya saƙo har sau biyu, ko na farkon bai shiga ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun sake zuwa, ni da Baba kawai. A mararraba na tsaya. Akwai gajeriyar hanya da muka bi wancan makon, akwai ta zagaye, wadda ke bi ta tsohuwar tashar manyan motoci, ta kusa ninka ta. Ban san abin da ya sa ba, na ce, "Baba, wacce za mu bi?"

Ya dube ni tukuna. Ina jin tun da ya kwanta ban yi masa tambayar da nake jiran amsarta ba. Ya nuna ta zagaye.

Mun bi. Rana ta yi zafi, na kunna masa sanyi, ba don komai ba, ai ya kamata a gwada na'urar. A gaban tashar ya sa na rage gudu, ya yi ta kallon motocin. Da muka wuce ya ɗora hannunsa a kan nawa a kan giya, ya faɗi kalmarsa. Likita ya ce kada mu ɗora mata ma'ana. Likita bai taɓa ciniki da shi ba.

Na ce amin.

Mai ya tafi, na sani. Ban auna ba.