Na'urar da Ta Ƙi Mutuwa

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙafar Baba? Yaya amarya Auta? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Kin sake tambayar yaushe zan dawo. Inna, na'urar da na haɗa tana can sama cikin tauraron ɗan'adam, tana ƙirga ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke fesowa daga rana da can bayanta. Alkawarinmu da waɗanda suka ɗauke ni aiki shi ne in zauna har ta daina aiki. An ce cikin shekara biyu ƙwayoyin za su cinye ta. Ga mu a ta biyar, ko tari ba ta yi ba. Ni na yi mata sulke da hannuna, kuma kin san ba ki koya mini aikin ha'inci ba.

Ɗakin aikinmu babu taga. Duk sanda rana ta yi aman wuta, lambobi suka haukace, ni ake kira, don ni kaɗai na san halin na'urar. Haka hutun bikin Auta ya salwanta. Amma ina cin abinci, mutanen nan wurin kuma ba su da laifi.

Ki turo mini hoton Baba na yanzu, ba na da ba.

A allona akwai ɗigon da ke nuna inda tauraron yake. Kullum sai ya bi ta saman gidanmu. Ya fi ni zumunci.

Ki yi mini addu'a, Inna. Ke za ki zaɓa: na'urar ta daɗe, ko ta mutu. Ni na kasa.

Ɗanki.