Sunan Yaya Tanimu a Jikin Ƙarfe

Zuwa ga Yaya Tanimu, a Tama.

Gaisuwa daga Yawunde, inda na zo ofishin rajistar ƙirƙira kan shari'ar ƙarfena. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake. Ɗakin da nake kwana yana yoyo, amma takarduna ba su jiƙe ba, su nake lulluɓa wa zanena.

Lauya ya karanta mini amsarka. Shaida ɗaya aka nema wurinka: wa ya ƙirƙiro ƙarfen dashen albasar nan? Shekara shida kana ganina da guduma a bayan rumbu, amma ka rubuta cewa gidanmu ba maƙera ba ne, ƙanwarka ba ta taɓa riƙe ƙarfe ba. Don kada a yi maka dariya a kasuwar Buza, ka bar wa wanda ya kwaikwayi aikina takardar mallaka.

Takardar ta kuɓuce mini, amma sunan kayana nawa ne, kuma jiya na yi rajistarsa. Duk ƙarfen da zan sayar, daga Keita har Madawa, zai fito da tambari a jikinsa: "Maƙerar Gidan Tanimu."

Allah ya ja kwananka, Yaya, ka daɗe kana karantawa.

Ƙanwarka,
Mairamu