Layinmu Ya Fi Araha

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka da yara. Yaya ƙafar Inna?

Na rubuto ne maimakon in kira, don ina so ka karanta wa mutanen layinmu. Ofishinmu ya samu aikin lissafi a kan ambaliyar da ke cin ƙasan gari duk damina. Hukuma tana son ta cike fadamar bayan gidanmu, ta gina katangar siminti a bakin kogi. Ni kuwa na ce musu fadamar nan, da ciyawar jema da itatuwan da kai da marigayi Baba kuka dasa, suna shanye ruwan da katanga ba za ta iya tarewa ba, kuma kyauta suke yi. Suka ce in kawo hujja. Mutanen nan ba sa jin magana sai an liƙa mata farashi.

Saboda haka ma'aikatanmu za su zo su auna fadamar, su kuma shiga gidajen layin su duba. Na san mutanenmu, da sun hango baƙo da abin awo sai ka ji ana rufe ƙofofi. Maganarka suke ji, Yaya. Don Allah ka sa su buɗe. In lissafin ya fito yadda nake zato, babu mai sake taɓa fadamar nan.

Ka gaishe min da kowa. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ashe da rabon kwaɗin bayan gidanmu su samu lauya! Na tara mutane a rumfar da nake renon dashe na karanta musu takardarki. Kowa ya yi na'am sai mai faci. Ya ce, "Duk wanda ya zo auna gidanka, ba kwalliya zai yi masa ba." Na dafa ƙirji na ce, "Haba! Auta ce fa. A layin nan ta yi rarrafe, a bayan matarka ta yi barci. In wani abu ya biyo baya, ni za ku kama." Sai ya haƙura.

Mutanenki sun zo, sun yi rabin layi. Da kina nan da kin sha dariya. Kin san halinmu, in hukuma ta zo tambaya kowa talaka ne, don wanda ya fi nuna wahala shi ake fara ba tallafi. Tela ya kwashe sababbin kekunansa ya kai gidan surukinsa. Mai shago ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a kan tayil ɗin da ya sa bara. Inna ta sa na janye mata kabad don a ga tsagar bango, ta sa na kwance fanka, sannan ta zauna tana tari kamar ba ita ta gama yi min faɗa ba. Ta ce wa mai rubutun, "Ɗan nan, rubuta da kyau, ɗakin nan saura ƙiris ya faɗo mini." Ni ma ban bari an bar ni a baya ba. Da aka tambayi inda ruwa ya kai a bango, sai da na ƙara masa taƙi guda.

Sun ce za su dawo su ƙarasa sauran gidajen. In da gyara a yadda muke yi ki faɗa mini tun da wuri, ke kika san abin da suke nema. Inna tana ta yi wa maƙwabta alfahari da ke, har sun fara gajiya.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai da ɗawainiya. Aiki ya yi mana yawa kwanakin nan, shi ya sa ba zan tsawaita ba. Ku dai ba ma'aikatan haɗin kai su ƙarasa.

Ina gyara ɗakin da ke kusa da nawa. Ka tambayar min Inna wane launin fenti take so, ko za ta zo ta ɗan huta a wurina.

A gaida yara. Sai na sake rubutowa.

Auta

*

Auta,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

An zo an shafa wa gidajen layinmu jan fenti, tun daga shago har gidan mai faci. Namu yana jikin bangon ɗakin Inna. Muka ɗunguma zuwa ofishin hukuma, wani jami'i ya zaunar da mu ya yi mana bayani tiryan-tiryan. Ya ce hanya uku aka auna. Ko a gina katanga, ko a bar fadama yadda take, ko a faɗaɗa fadamar ta hanyar rushe layin da ke bakinta. Ya ce ta ukun ce ta fi araha nesa ba kusa ba, domin gidajen layin tsofaffi ne, duk sun tsage, ruwa ya gama cinye su, diyyarsu ba ta taka kara ta karya ba. Tela ya miƙe yana rantsuwa cewa gidansa garau yake. Jami'in ya ce, "Malam, abin da kuka nuna shi aka rubuta." Ya juyo mana da shafin ƙarshe, na ga sa hannunki. Ko a duhu na san shi, ni na koya miki riƙe biro.

Hanya biyu kika faɗa mini. Ta ukun a ina kika ajiye ta? Na tambaye ki ƙiri-ƙiri ko da gyara, lokacin saura rabin layi, kika amsa mini da maganar fenti. Ashe kin riga kin shirya wa tsohuwa wurin kwana, ni ina nan ina janye kabad ina dariya.

Da ɗan gari akan ci gari, na sani, amma ban taɓa zaton ni ne ɗan garin ba. Mai faci bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Kallona kawai ya yi ya ci gaba da aikinsa. Matar tela ta dawo min da dashen da na ba ta kyauta, ta ajiye a ƙofa ko sallama babu. In na ratso layi hira takan mutu sai na wuce.

Kin ci amanata, Auta, kuma da bakina kika ci ta mutane. Abu ɗaya nake so ki gaya mini ba kwana-kwana: kin san da wannan tun ranar da kika fara rubuto mini?

Wassalam.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ko da ba ka son amsawa.

E, na sani tun ranar farko.

Ka ba ni dama in faɗi nawa. Kai da kanka ka sha cewa ruwan yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne, na wata guda sai ya sauko a yini ɗaya. Fadamar yadda take ba za ta ƙara riƙe shi na tsawon lokaci ba, sai an ba ta fili. A ƙasa da layinku akwai kasuwa, akwai asibiti, akwai unguwannin da suka ninka layinmu sau ba adadi. Katangar kuwa za ta cinye kuɗin da ya isa a yi wannan aikin a garuruwa da yawa, sai an riƙa yi mata gyara, kuma duk ranar da ta fashe ku ruwan zai fara kwashewa kuna barci. Na lissafa ta kowace fuska ina neman inda layinmu zai tsira, ban samu ba.

Maganar kabad ita ce ba ni da bakin karewa. Na karanta wasiƙarka, na ɗauki waya, na ajiye. Masu son kwangilar katanga suna zaune suna jiran lissafina ya yi nauyi. Da na ce ku fito da tayil da kekuna, da diyya ta tashi, da sun ce faɗaɗa fadama ba ta da wata araha, da sun ci. Sai na yi shiru na bar ku kuna karya farashin kanku. Na san abin da nake yi. Na yi kuka, amma kukana bai ƙara wa kowa ko sisi ba.

Yanzu da aka sa hannu, na shigar da buƙatar a sake duba gidajen. Ba zan yi maka alkawari ba, don ka daina karɓar alkawarina, kuma kana da gaskiya. In aka sake ba ni lissafin nan, amsar da zan fitar ke nan. Abin da ban sani ba shi ne ko zan sake yi maka shiru.

Inna ta sani? Don girman Allah ka kawo min ita, ɗakin yana nan.

Ka yafe min in za ka iya. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Inna ba za ta zo ba. Na kama mana haya a can saman gari, ta ce inda na sa ƙafa nan za ta sa.

Ba ta sani ba. Duk fushin da mutanen layi suke yi da ni, babu wanda ya iya gaya mata. Jiya muna ɗaure kwanuka ta ce, "Wai wane marar imani ne ya rubuta takardar nan?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To kira min Auta. Ita ta san manya, ta je ta nemo min shi in ga idonsa."

Ranar Asabar motar kaya za ta zo. Ki zo ki taya ta naɗe kayanta, tana nemanki. Za ta tambaye ki. Ni na yi mata ƙarya sau ɗaya saboda ke, ba zan ƙara ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki