Bakwan da Ke Layi na Huɗu

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 10:20 na safe, a teburin kicin

Kawu,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Mama ta ce tun fitowarka daga asibiti, kwana goma sha ɗaya ke nan kana fama da sudoku guda ɗaya, wasan nan na cike gidaje da lambobi a jarida, har ka ce in Juma'a ta yi ba ka gama ba, to ƙwaƙwalwa ta tafi, za ka rufe shagon gyaran agogo. Don Allah ka dakata.

Ka ajiye biro ka ɗauki fensir, kuma ban da canke. A kusurwar kowane gida ka rubuta ƙananan lambobin da za su iya shiga. In gida biyu a layi ɗaya suka rage da lamba biyu iri ɗaya, ka goge su daga sauran gidajen layin. Sau arba'in da biyu na gwada wannan. Biyu ne ba su fita ba, kuma kuskurena ne.

Ɗiyarka,
Auta

Laraba

'Yar digiri,

Ina amsawa. Tun ba ki iya riƙe cokali ba nake cika wannan abu, yau ke ce malama! Na bi fensirin naki. Layi na huɗu ya ƙi, babu gidan da lamba ɗaya za ta zauna. Ga shi na yanko daga jarida, uwarki za ta kawo miki. Na riga na sayi kwaɗon rufe shago.

Kawunki

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 3:05 na yamma

Kawu,

Barka da yamma. Na kara takardar a gilashin taga, sau uku na duba. Bakwan da ke layi na huɗu ba bakwai ba ne. Ɗaya ne, ɗigon man agogo ya yi masa hula! Da ka ce babu gidan ɗaya, gaskiyarka, tun farko yana zaune a layin. Ƙwaƙwalwar da ta tafi ba ta gano wannan. Ga takardar, Mama za ta maido maka.

Auta

Juma'a

'Yar digiri,

Minti goma sha tara na gama, da agogon da na gyara da hannuna yau da safe. Shago a buɗe. Da biro na cika.

Kawunki

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 9:00 na safe

Kawu,

Na yi tsalle har na ɓarar da shayi. Saura abu uku ban sani ba:

1. Ranar da man ya ɗiga.
2. Ko likita ya san ka koma aiki.
3. Abin da za ka yi da sabon kwaɗo.

A huta lafiya,
Auta