Motar Yayan Auta Ba Ta Ja

Litinin, 3 ga Maris

Babansu da sauƙi, sai dai gwiwar, yau da sanda ya fita. Auta lafiya lau, ta tafi aiki. Ni ma lafiya, in an tambaya. Wadda ba ta da lafiya ita ce motar.

Motar yayan Auta. Wata tara ke nan da rasuwarsa, har yau in na zo rubuta "marigayi" sai biron ya tsaya. Shi ya kai ni ajin manya ina da shekara hamsin da ɗaya, shi yake duba mini aikin gida yana dariyar layina da ke gangarawa. Yanzu rubutun ya zauna, mai dubawa ba ya nan.

Jiya Auta ta kai ni dubiya asibiti. A danja, da aka ba mu hannu, ta taka totur, motar ta yi kamar mai shawara da zuciyarta. Na bayanmu suka cika mu da hon. Wani mai keke ya wuce mu har da waiwaye. Keke! Sai da muka ɗan yi nisa ta farfaɗo. Auta ta ce, "Mama, ta daɗe tana haka, ke ce ba ki lura ba." Na lura. Faɗin ne ba na so.

Talata, 4 ga Maris

Na tayar da motar da sassafe kamar kullum. Tun bayan rasuwar nake haka: in shiga, in murɗa makulli, in saurare ta minti biyu, in kashe. Ina gaya wa mutane don kada batir ya mutu ne. Kujerar direba tana nan can baya daidai tsawon ƙafafunsa. Auta ba ta taɓa matso da ita ba, matashi take sawa a bayanta.

Yau sai da na murɗa sau huɗu. Ga warin fetur har cikin hanci.

Alhamis, 6 ga Maris

Dogo ya zo. Abokin yayan Auta ne tun suna yara, bakanike ne, tare suka je suka sayo motar a hannun mai ita na biyu ko na uku. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai iya kallon idona ba. Na sa masa abinci, cokali biyu ya yi.

Da ya ɗaga bonet Babansu ya jawo kujera. "Ku kai ta wajen mai gyaran janareta mana, ai kukansu ɗaya." Dogo ya yi dariya ya ce, "Baba, ka daina zaginta tana ji."

Wai injinta ba irin na sauran motoci ba ne, ba shi da fistan. Ya zana mini a bayan kwali: wani abu kamar ƙwai, a cikinsa ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa. Na kwafa a ƙasan shafin nan, nawa ya fi kama da albasa. Ya ce irinta dama ba ta da ƙarfi in ana tafiya a hankali, sai allurar gudun injin ta hau take nuna halinta. "Amma wannan ya wuce hali, Mama, ciwo ne."

Na ce ya faɗi abin da zai duba ɗaya bayan ɗaya in rubuta. Filogi. Kwayil, mai ba filogi wuta. Matatar iska. Salansa, ko ta toshe. Na ƙarshe, matsin cikin injin.

Na ce in na ƙarshen ne fa? Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

Asabar, 8 ga Maris

Filogi huɗu, duka baƙi ƙirin, a jiƙe. Ya canja su, da kwayil ɗaya da ya ce ya gaji. Matatar iska lafiya, salansa lafiya. Suka zaga layi shi da Auta, ni ina bakin ƙofa. Tun kafin su fito na gani a fuskarsu. Ta ɗan yi sauƙi, amma a hawan nan na kusa da makaranta har yanzu jan ƙafa take.

Ran Litinin zai aro ma'aunin matsin injin.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kasa cin abinci. A kan ƙarfe. Allah ya yafe mini.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Ya ɗaura ma'aunin a ramin filogi, Auta tana murɗa makulli. Ya ce in kalli allurar, sau uku za ta yi tsalle, kowane gefe na ƙarfen da nasa. Biyu suka tashi. Na ukun da ƙyar ya ɗaga kai.

Sai ya hau tambaya kamar likita. In ta yi zafi tana tashi? Ana duba baƙin mai? Ina da ina ake zuwa da ita? Na ce kasuwa, asibiti, wajen aikin Auta da ke bayan layinmu. Gudun nawa? Na ce ai ba na bari a wuce arba'in, ina gefe ina kallo. Da alfahari na faɗa. Har na ƙara masa da cewa ko rana ɗaya ban taɓa fashin tayar da ita da safe ba.

Ya ce, "Minti nawa, Mama?"

Na ce biyu.

Ya kalli Auta. Auta ta kalli ƙasa.

A hankali ya yi mini bayani, kamar mai faɗin rasuwa. In tana da sanyi fetur take sha da yawa. In aka kashe ta kafin ta yi zafi, fetur ɗin ya kwanta a ciki, ya wanke man da ke shafe da ƙarfen, baƙin hayaƙi ya taru ya daskare. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe mai rufe iska, to ɗaya ya maƙale. Ya ce, "Ba wahala ce ta kwantar da ita ba, Mama. Lallaɓawa ce."

Magani: babban titi, awa guda, a taka ta har allura ta kusa ja. Ba sau ɗaya ba, duk mako. Wataƙila ya saki. In bai saki ba sai an buɗe injin, kuma bai san inda za a samo kayanta ba.

Babban titi. Inda aka kwaso mini yayan Auta. Ba ma shi ke tuƙi ba, motar wajen aikinsu ce, yana kujerar baya.

Na ce wa Dogo na gode. Na shiga ɗaki.

Talata, 11 ga Maris

Ashe Auta ta sani. Tun ranar da yayanta ya fara koya mata tuƙi ya gaya mata: kada ki kuskura ki kashe ta da sanyi.

Na same ta a kicin na ce wata tara kina kallona ina kashe ta, kin yi shiru? Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Mama, sati nawa kika yi ba ki leƙo tsakar gida ba? Ranar da na ji ƙarar motar na duba taga na gan ki a ciki, kin ɗaura ɗankwali. In ce miki me? Na ga gara motar ta lalace."

Da na yi shiru a nan. Ban yi ba. Na ce kin bar ni na lalata abu ɗaya da ya rage mini.

Ta ce, "Ni fa? Ni ban rage ba?"

Ta wanke hannu ta fita. Albasar tana nan rabi a yanke.

Laraba, 12 ga Maris

Ina kwana, lafiya lau. Iyakarmu ke nan ni da Auta.

Asabar, 15 ga Maris

Dogo ya aiko wai shi zai riƙa kai motar babban titin, ko kuma ya ɗauke ta gaba ɗaya ta zauna a garejinsa. Na ce a'a. Shi ma ɗan wata ne, da wane ido zan kalli uwarsa? Kuma in ta bar gidan nan, me zan gani in na buɗe ƙofa?

Auta ta gaya wa babanta ko ita ta kai ta ko ba kowa. Ba ni ta gaya wa ba.

Babansu ya ce, "Ke da za ki samu, duk sai ki zuba mu a akwati ki zauna a kan murfin." Na ce eh, da na yi, da yanzu muna nan cif. Can ya ce yarinyar nan an ba ta aiki mai kyau a wani gari tun watan jiya, ta ƙi, ba ta ma gaya miki ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba wanda yake gaya mini komai a gidan nan. Lallaɓa ni suke.

Litinin, 17 ga Maris

Auta da ƙafa take zuwa aiki yanzu. Ta rame. Yaushe ta rame haka ban gani ba?

Laraba, 19 ga Maris

Kwana uku ban tayar da motar ba. Yatsuna ne ke ciwo, makullin yana da tauri. Shi ke nan dalilin.

Babansu da sauƙi. Na tambayi Dogo a waya wace rana ce titi ya fi sauƙi, don in sani kawai. Na tambaye shi tayoyin fa, burkin fa. Ya ce in dai an sanar da shi da wuri zai duba komai da hannunsa.

Bakina ba ya iya magana da yarinyar nan, kuka yake riga ni. Na yago takarda a bayan littafin nan. Sau uku ina sakewa, ta farko ta yi tsawo, ta biyu ta jiƙe. Ta ukun na ajiye mata a kan gadonta, na danne da makullin. Ga abin da na rubuta, don kada gobe in ce ban faɗa ba:

Auta. Kin rage. Ke ce kika rage, bakina ne ya yi ɓarna, ki yafe wa uwarki. Dogo ya ce ran Asabar da hantsi titi ba cunkoso. Ki kai ta. Zan zauna a gefenki, ba zan kalli allura ba, in kuma kika ji na ce a hankali ki yi kamar ba ki ji ba. Maganar aikin nan ma ina so in ji daga bakinki. Ki ba ni amsa kafin Juma'a da la'asar don Dogo ya samu duba burki. In ba za ki iya faɗa ba, rubuta a bayan takardar nan da manyan baƙaƙe. Zan karanta.